Mai juna biyu da fitsari ke ɗigo mata: hukuncin alwalarta da motsa tsokokin ƙasan ƙugu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Cikina wata bakwai ne, kuma duk lokacin da na yi tari ko atishawa sai fitsari ya ɗan ɗigo mini, wani lokaci har ina cikin salla. A wajen awo an ce in riƙa wani atisaye na matse tsokokin gabana. Shin wannan ya halatta? Yaya kuma hukuncin alwalata da tufafina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa.

Atisayen halal ne, neman magani ne, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ba ya karya alwala, ba ya ɓata azumi, domin babu abin da ke fita ko shiga. Amma sai an san abin da ke faruwa a jiki kafin hukuncin tsarkin ya fito fili.

A ƙasan ƙugu akwai tsokoki da suka shimfiɗu kamar raga, daga ƙashin da ke ƙasan mara zuwa ƙashin ƙarshen baya. Su ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne kuma ke taimakawa wajen rufe hanyar fitsari. Idan ciki ya tsufa, nauyin ɗa yana danne su, ga kuma sinadaran goyon ciki da ke sassauta jijiyoyi domin shirin haihuwa. Tari ko atishawa kan tura matsi ƙasa farat ɗaya, tsokar da ta gaji ta kasa riƙewa, sai ɗigo ya kuɓuce. Wannan daban yake da yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda, wanda ɓulewa ce kuma aikin likita yake buƙata.

Game da alwala, Malikiyya suna duba tsawon lokacin da lalurar take ɗauka. Idan ɗigon yana lazimtar mace rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. In ya fi rabi, mustahabbi ne ta sabunta ta ga kowace salla matuƙar babu wahala. Idan kuwa lokacin da yake ɗauke mata ya fi yawa, to yana karyawa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shaihu Khalil. Abin da kika bayyana na nau'in da ke karya alwala ne, tunda sai an yi tari yake zuwa. Don haka in kin tabbata ya fita, ki sake alwala, in a cikin salla ne ki sake sallar. Na ce in kin tabbata, domin mai ciki tana yawan jin danshi, kuma wadda kokwanto ke zuwa mata kullum ba a ɗora mata bin sa. Malikiyyan Iraƙi suna ganin irin wannan lalura ba ta karya alwala ko kaɗan, kuma wadda tari mai tsanani ya kama har sakewar ta zame mata ƙunci tana iya aiki da wannan.

Tufafi kuwa sun fi sauƙi. Najasar da ke fita ba da son mutum ba kullum, ko da sau ɗaya ne a yini, an yi afuwa a kanta a jiki da tufa. Wankewa mustahabbi ne idan ta yi yawa. Abin da ya fi shi ne ki yi fitsari dab da salla, ki yi tsarki, ki sa ƙunzugu mai tsabta, sannan ki yi alwala.

Akwai wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba. Masu sharhin Mukhtasar sun ce lalurar da mutum ke da ikon magancewa ba ta samun rangwamen rashin karya alwala, sai dai a lokacin da yake kan neman maganin. Shi ya sa nake ganin atisayen nan ya wuce halal kawai, abin so ne a gare ki, tunda shi ne matakin farko na magani. Likitan mata na Amurka Arnold Kegel ne ya bayyana shi a 1948, kuma da sunansa ake kiransa.

Ga yadda ake yin sa: ki zauna ko ki kwanta a gefe. Ki matse kamar mai hana iska fita, ki haɗa da gaba kamar mai riƙe fitsari, ki ji kin ja su sama zuwa ciki. Ki riƙe daƙiƙa 3 zuwa 5 a farko, ki saki gaba ɗaya na tsawon hakan, ki maimaita sau 8 zuwa 10. Bayan nan ki yi matsi 10 masu sauri, kama-saki. Sau 3 a rana, kina ƙara riƙon a hankali har ya kai daƙiƙa 10. Haɗa shi da bayan sallar asuba da la'asar da isha'i yana hana mantuwa. Sakamako kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3, saboda haka kada ki bari don ba ki ga canji a sati guda ba. Kuma ki saba da matsewa kafin tari ko atishawa ko ɗaga yaro, wannan kaɗai yana rage ɗigon tun yanzu.

Inda mata suka fi kuskure shi ne riƙe numfashi da yin nishi ƙasa, wanda yake ƙara danne tsokar maimakon ɗaga ta. Wata kuma cinyoyi da ɗuwawu take matsewa, tsokar da ake nufi ba ta motsa ba. Saki ma rabin aikin ne, domin tsokar da ba ta iya sakewa tana kawo ciwo. Kada ki mayar da tsayar da fitsari a banɗaki atisaye, yana hana mafitsara zubar da fitsarin duka, abin da ya rage kuma yana jawo cuta. Bayan wata 4 ba a so mai ciki ta daɗe kwance rigingine, saboda mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Kada ki rage shan ruwa don tsoron ɗigo. Fitsarin da ya yi kauri yana tsokanar mafitsara, ƙarancin ruwa kuma yana kawo taurin bayan gida, wanda maganin ƙarin jini kan ƙara shi. Yunƙuri a banɗaki kullum yana raunana tsokokin nan, yana kuma tayar da basir. Ki yawaita ganye da 'ya'yan itace, ki rage shayi da kofi. Haka nan kada ki shiga salla kina matse da fitsari don tsare alwala. Hadisin A'isha (RA) a Sahihu Muslim ya hana salla alhali mutum yana fama da bawali ko bayan gida.

In ruku'u da sujada sun yi miki nauyi, ki buɗe gwiwoyi don ciki ya samu wuri. In hakan bai yiwu ba ki yi nuni, in tsayuwa ta gagara ki zauna. Imran bin Husain (RA) basir ne ya dame shi, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Bukhari ya ruwaito.

Abin da bai kamata a tsaya jiran fatawa a kansa ba: ruwa fari da ba ya warin fitsari, yana zuba ba ki iya tsayar da shi, domin yana iya zama faya ce ta fashe; haka nan zubar jini, ko zafin fitsari da zazzaɓi, ko jin wani abu mai nauyi yana saukowa ta gaba. Waɗannan asibiti za ki nufa nan take. In ana buƙatar duba al'aura, a nemi ungozoma ko likita mace, in babu, namiji ya duba gwargwadon lalura tare da mijinki ko wata mace a wurin.

Wallahu a'alam.