Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ware shara a gida

Wallahi da na karanta tambayarki sai da na yi dariya ni kaɗai, kamar kin leƙo kicin ɗina. Kin ce kin sayi bokiti uku, na gwangwani, na roba, na sauran shara, sati biyu kacal yara da babansu suka koma cakuɗa komai, ya za ki yi abin ya ɗore. Ni huɗu na saya, har da rubutu a jiki. Ba wanda ya taɓa karantawa.

Amma ba yara ne suka kusa sa ni haƙura ba, facalata ce. Azumin bara waccan, muna zaune a Sharar Mansur a Makka, na tara gwangwanayen lemo buhu biyu a bayan labule. Ta zo shan ruwa da baƙinta daga Jidda, ta ɗaga labulen ta ce, "Ikon Allah, ashe amaryarmu ta koma 'yar bola! Riyal nawa ake ba ki?" Aka kwashe da dariya. Ina tsaye da farantin sambusa, hannuna na rawa. Ita da ke zubar da rabin tiren shinkafar kabsa kullum! Maigidan kuma yana zaune bai ce uffan ba, wannan ya fi ci min rai. A daren na ja buhunan zuwa kwantenar baladiyya, wato hukumar gari, ina hawaye.

Da safe na hango wata tsohuwa, mai tura keken jarirai tana tonon kwantena da ƙugiya, ta ciro buhunan nan tana murna. Na sauka na ce, "Iya, daga yau duk Alhamis za ki tarar da leda a ƙofarmu." Shi ke nan. A gidanmu yanzu ba a cewa shara, "kayan Iya" ake cewa, autana ma faɗa yake in ya ga gwangwani a bola.

Ki rage bokitan nan, Hajiya. Fara da gwangwani kaɗai, shi masu saye suka fi so, don alminiyum ana narka shi a sake ƙerawa ba iyaka, kuma wutar da yake ci kusan kashi 5 cikin 100 ce ta wadda ake kashewa wajen yin sabo. Ajiye ledar inda ake shan lemon, gefen talabijin ko jikin firij, ba can ƙuryar kicin ba. Fara mai shara-shara, su riƙa ganin tana cika. Kada ki sa mata murfi, babban kwandon ne zai samu murfi. Babansu kuwa ki daina yi masa wa'azi, in ledar na kusa da hannunsa zai jefa.

Gwamnatin Saudiyya ta kafa cibiyar kula da shara, MWAN, tun 2019, amma a layinmu kwantena ɗaya ce har yau, shi ya sa dole ki samu mai karɓa hannu da hannu. Busasshen tamis, wato gurasar nan, shi ma a rataye shi daban, masu tumaki na ɗauka, ni zubar da gurasa tsoro yake ba ni.

Facalar tawa, watan jiya ta aiko 'yarta wai in ba ta lambar masu karɓar ragowar abincin biki. Na bayar, amma ban manta ba.