Sakamakon bincikena ya saɓa wa abin da kowa ke faɗa, shin in gyara alƙaluman?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam. Na raba wa ɗalibai takardar tambayoyi don in auna alaƙar riƙo da addini da ciwon damuwa. Na yi amfani da PHQ-9, wato tambayoyi tara na tantance ciwon damuwa, da wani ma'aunin addini da na samo a intanet. Da na saka amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS sai alaƙar ta fito kusan babu, har akwai waɗanda ba sa wasa da salla da azkar amma makinsu na damuwa ya yi sama sosai. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ji nake kamar zan tsaya gaban malamaina in ce addini ba ya magani. Mai shagon da yake yi mana lissafi ya ce zai iya daidaita alƙaluman su fito yadda kowa ya sani. Yayata kuma ta ce ai masu wannan makin imaninsu ne bai cika ba, mumini na gaskiya ba ya ciwon damuwa. Malam, ina tsoron zunubi ta kowane ɓangare. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Kada ki bari kowa ya taɓa alƙaluman nan, ko lamba ɗaya. Abin da mai shagon ya kira daidaitawa shaidar zur ce, kuma kin san hukuncinta ba sai na jawo miki hadisi ba. A 2011 aka gano Diederik Stapel, farfesan ilimin halayya a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, yana zama shi kaɗai yana ƙirƙirar lambobin bincikensa. An janye maƙalunsa sama da 50, kuma ɗaliban da suka yi digiri a hannunsa tabon ya shafe su, ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya yi ƙarya wai don ya taimaki addini, ƙaryar tana nan a wuyansa, ya kuma ƙara da jingina ta ga addinin.

Sakamakonki bai ba ni mamaki ba. A 2003 masu bincike Smith da McCullough da Poll sun tattara bincike 147 a kan wannan tambayar taki, mutane kusan dubu 99, suka samu alaƙa ta -0.096, a ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa. Ki ninka ta da kanta ki gani: bai kai kashi 1 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Alaƙar tana nan, masu riƙo da addini sun ɗan fi samun sauƙi, amma siririya ce ƙwarai, kuma abu mai siranta haka yakan ɓace a ƙaramin rukuni irin naki. Ƙari a kan haka, a Zariya kike. Ki tambayi ɗalibi a Samaru ko Kongo muhimmancin addini a rayuwarsa, Musulmi ne ko Kirista, kusan kowa akwatin ƙarshe zai zaɓa. Idan kowa ya taru a maki ɗaya, lissafin alaƙa ba shi da abin da zai kama. Sannan ki sake duba ma'aunin da kika ɗauko. Yawancinsu a Amurka aka tsara su, ana ƙirga zuwa coci. Idan aka juya tambayar ta koma sau nawa kike zuwa masallaci a mako, to kin mayar da yawancin 'yan matanmu marasa addini a takarda, alhali a ɗaki suke sallarsu kamar yadda uwayensu suke yi. Waɗannan su ne abin da za ki tattauna a babi na biyar, kuma malamin kirki zai fi ganin ƙimarki da su a kan ki kawo masa lambar da ta yi kyau fiye da kima.

Yanzu maganar Yayarki, kuma ki yi haƙuri, a nan zan daɗe, domin ita ce maganar da nake karo da ita kusan kullum, a aji da wajen aji, daga bakin masu ilimi da marasa shi. Ban zargi niyyarta ba. Abin da ta ji ana faɗa ta maimaita. Amma maganar nan tana hallaka mutane.

Fara da abin da kika sani a fagenki. Kin auna abu biyu a rana ɗaya, don haka ba ki da hanyar sanin wanne ya rigayi wanne. Ciwon damuwa yana ɗauke wa mutum ƙarfin jiki, ya lalata barci, ya kashe sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa, ya hana tattara hankali. Yarinyar da ta kwana idonta biyu har ƙarfe 3, asuba za ta kufce mata. Wanda ba ya iya riƙe layi biyu na littafin darasi, ba zai samu natsuwa a salla ba. Sai a dubi raguwar ibadar a ce ga dalilin ciwon, alhali ciwon ne ya haifar da ita, kamar a ga mai zazzaɓi ya daina cin tuwo a ce ƙin cin tuwo ne ya jawo masa zazzaɓi. To ki duba abin da ke biyo baya. Ɗaya daga cikin alamomin ciwon nan shi ne mutum ya riƙa ganin kansa mai laifi, marar amfani. Ki je wa mai wannan hali ki ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Kin ba ciwon hujja daga sama. Da yana cewa na kasa karatu, yanzu zai ce Allah ma ya yi fushi da ni. Kenneth Pargament da abokan aikinsa sun bi dattawa marasa lafiya kusan 600 a asibiti a Amurka, suka wallafa a 2001 cewa waɗanda suke jin Allah ya yashe su ko ba ya son su sun fi sauran mutuwa a cikin shekara biyu. Shi dai Pargament ɗin ne ya nuna cewa jingina da addini iri biyu ne: akwai wanda addininsa ke ba shi mafaka da jama'a da fata, akwai wanda ke ɗauke da shi a matsayin bulala. Maganar Yayarki tana ɗauke mutum daga na farko ta jefa shi na biyu.

Na ga haka da idona. An taɓa kawo mini wata ɗaliba mahaddaciya, mai azumin Litinin da Alhamis. Likita ya ɗora ta a kan magani, ta fara dawowa hayyacinta. Ta je hutu gida, wani ɗan'uwa ya ga ƙwayoyin ya ce mai Alƙur'ani a ƙirji ba ta shan maganin mahaukata. Aka zubar. Ta dawo zango na gaba ba ta iya fita daga ɗaki, kuma abin da ya fi ci mata rai, ta gaya mini tana kuka, shi ne ta yarda cewa ita munafuka ce. Shekara guda ta rasa a karatunta. Har yau idan na tuna, raina ɓaci yake yi.

Kuma a ina aka samo wannan magana a addini? Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, yana nan a aya ta 84 ta Suratu Yusuf. Nana Maryam, a lokacin naƙuda, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma Bukhari ya ruwaito Nana A'isha tana sa a dama talbina, kunun sha'ir, a ba marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda tana sanyaya zuciya tana rage baƙin ciki. Abin sha ne ake ba mai baƙin ciki, ta hanyar jiki. Ba ina cewa waɗannan bayin Allah sun yi ciwon da PHQ-9 ke aunawa ba, Allah ya tsare ni da faɗin haka. Ina cewa ƙuncin zuciya ya sauka a kan waɗanda suka fi kowa imani, don haka ba zai zama ma'aunin ƙarancin imani ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake saukar wa mutum haka kawai ba dalili. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce a haɗa masa da maganin jiki. Sama da shekara dubu ke nan, kuma malamin addini ne.

Ta fuskar falsafa kuma, ki kwantar da hankalinki a kan abin da kundinki zai iya faɗa. Takardar tambayoyi tana ƙirga abin da mutum ya ce yana yi. Ikhlasi ba ya shiga akwati, karɓar addu'a ba ta fitowa a SPSS. Don haka sakamakonki bai ce addini ba ya magani ba, kuma da alaƙar ta fito da ƙarfi, da bai tabbatar da gaskiyar addini ba. Masu ɗauko rabin bincike su yaɗa a WhatsApp da taken masana sun tabbatar, da masu ɗauko ɗaya rabin don su yi wa addini isgili, kuskure ɗaya suke yi.

Waɗanda ba na yi wa uzuri su ne masu cin abinci da wannan magana. Mai mota da lasifika a kasuwar Sabon Gari, kwalba ɗaya tana maganin aljani da basir da damuwa. Mai ruƙiyyar kuɗi da sharaɗinsa na farko shi ne a daina maganin asibiti. Kin tuna gidan marin da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, aka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake samun irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, an gaya musu ne matsalar ta tarbiyya ce da imani. Ruƙiyya ta shari'a ba ta taɓa cewa a zubar da magani ba. Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, tun a 1954 ya fara aiki tare da masu maganin gargajiya a Aro ta Abekuta, kuma a 2020 Farfesa Oye Gureje da tawagarsa sun wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda masu warkarwa na gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya wajen kula da masu taɓin hankali, marasa lafiyar suka fi samun sauƙi. Hanyar a buɗe take ga duk malamin da ke son alheri ga mai ciwo. Sai a watan Janairu na 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin ta 1958, amma doka ba ta shiga zauren gida ta hana a zubar da ƙwaya.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Tambaya ta 9 a PHQ-9 tana tambayar ko mutum yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa. Me kika tanadar wa waɗanda suka amsa da e? Kwamitin ɗa'ar bincike don irin wannan aka kafa shi, kuma tun 2007 Nijeriya take da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa, amma mun mayar da izininsa hatimin da ake nema a saka a ƙarshen kundi. Gobe ki buɗe takardun nan ki ware duk wanda ya amsa tambaya ta 9, da duk wanda makinsa ya kai 10. Ki tuna makin tantancewa ne kawai, likita ne zai tabbatar da ciwo. Idan kina da hanyar samunsu, ki same su a asirce ke da mai duba aikinki, a haɗa su da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. Idan ba ki rubuta sunaye ba, ki koma azuzuwan da kika raba takardar ki sanar da kowa inda ake samun taimako, ki kuma gaya musu maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin aikinsa, kuma ba a yanke shi ba tare da likita ba. Ki ɗauki Yayarki ku tafi tare in za ta yarda. Allah ya ba ki sa'a a ranar kare kundi, ya ba su lafiya.