Ku Tambaye Mu: Shin ƙwarewa a kwamfuta ce ke sa malami ya samu lasisin koyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce mai shaidar NCE, kuma shekarata takwas ina koyar da lissafi. A bara na zauna jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, ban ci ba, alhali wani abokin aikina da bai kai ni daɗewa a aji ba ya ci a zama ɗaya, kuma kowa na cewa don ya iya kwamfuta ne. Shin haka ne? Sannan wanda ya ci, ya shirya ke nan ya koyar da na'ura a aji?
Daga wata malama a Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika fito da wannan damuwa, domin malamai da yawa suna ɗauke da ita a zuci.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar abokan aikinki. An kafa TRCN da doka a 1993, kuma tun 2017 take shirya jarrabawar cancantar aikin koyarwa don samun lasisi, wadda ake amsa ta a kan kwamfuta kamar yadda JAMB ta koma yi gaba ɗaya tun 2015. Malamin da bai saba da linzamin kwamfuta ba yakan ɓata mintuna masu tsada yana neman yadda zai zaɓi amsa ko ya koma tambayar da ya tsallake, agogo na tafiya, gabansa na faɗuwa, har abin da ya sani ya ɓace masa. Ƙari a kan haka, a tsarin da aka fara jarrabawar da shi, an sa fasahar koyarwa cikin fannonin da ake tambaya, tare da ilimin halayyar ɗalibai, tarihin ilimi da auna fahimta. Sai dai iyawar sarrafa linzamin ƙarama ce, mutum kan same ta a cikin 'yan makonni, kuma ba za ta amsa miki tambaya ko ɗaya a kan falsafar ilimi ba. Ina kyautata zaton abokin aikinki ya yi bitar littattafansa sosai.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi damuna. Jarrabawar zaɓen amsa tana auna abin da mutum ya sani ne yana zaune shi kaɗai a gaban allon kwamfuta, ba ta ganin yadda zai yi da yara saba'in, waya ɗaya, ga wutar lantarki ta ɗauke. A 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, Punya Mishra da Matthew Koehler, sun bayyana cewa koyarwa da fasaha tana bukatar sani iri uku a haɗe: sanin darasin kansa, sanin dabarun koyar da shi, da sanin na'urar. Malamin da ya iya kunna majigi amma bai san inda yaro ke tuntuɓe a lissafin rabawa ba, zai nuna hotuna masu kyau ne kawai a tashi babu wanda ya gane. Ke kuwa shekaru takwas a aji sun ba ki biyu daga cikin ukun, kuma su ne masu wuyar samu. A ganina, kuskure ne babba shugabannin makarantu su ɗauki lasisi a matsayin shaidar cewa malami ba ya bukatar horo a kan na'ura.

Kafin zama na gaba, ki je ɗaya daga cikin cibiyoyin da 'yan JAMB ke atisaye, ki riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, ko sau biyu a mako, har hannunki ya saba. Ki kuma koma kan littattafanki na NCE, musamman fannonin da kika daɗe ba ki leƙa ba. A aji kuma ki fara da wayar hannunki: ki sauke gajeren bidiyo ɗaya a kan darasin da ya fi ba yaranki wuya, ki nuna musu rukuni-rukuni, sannan ki ba su aiki a allo ki ga ko ya taimaka. Allah ya ba ki sa'a.