Zancen kyanwar nan da kika tambaye ni

Ɗiyata, bayan sallama, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikokina. Saƙonki ya iso, na sa ƙaninki ya karanta mini har sau biyu saboda idon nan ya fara gajiya. Kin ce maƙwabciyarki ta ba yaran 'yar kyanwa, Hajiya uwar mijinki ta zo ta tarar da ita kwance cikin kwandon zaren ulun da kike saƙar kwarashi, ranta ya ɓaci. Ta ce Bahaushe bai gaji ajiye mage a ɗaki ba, ɗabi'ar Turawa ce, kuma ita ba za ta ci tuwon gidan da mage ke shiga kicin ba. Shi ne kike tambayata ko da gaske al'ada ta hana.

Al'ada ba ta hana ba. Amma ki saurare ni har ƙarshe kafin ki yi murna, domin Hajiya ma tana da tata gaskiyar.

Gidan kakanki a ƙasar Funtuwa, ban taɓa saninsa babu kyanwa ba. Rumbu uku ne a tsakar gidan, biyu na dawa, ɗaya na gero, ga auduga da kaka jibge a zaure kafin a kai fuloti, wurin sayen auduga. Gidan da ke da wannan, in ba kyanwa, to ɓera aka noma wa. Iya, kakarki, ita ta fi kowa damuwa da ita, saboda sana'arta kaɗi ce. Ɓera yana son gurya, zai farke buhun auduga don ya kai gare ta, kuma ba abin da yake ƙauna ya yi sheƙa a ciki kamar audugar da aka gurje aka shiɓe. Aikin kwana uku sai ya lalata miki a dare guda.

Har yau ina ganin Iya a idona. Bayan sallar isha'i ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta kunna aci-balbal, ta jawo taskira. Ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza mazari, ya kama juyi yana wani ɗan kuka siriri, hannun hagunta yana sama da sutu, zaren yana fitowa kamar ba daga auduga ba. Kyanwar kuwa tana gefe ta naɗe ƙafafu, kanta yana bin mazarin. In ta miƙo hannu za ta taɓa, Iya ba ta dukanta, sai dai ta ɗaga mata yatsa, ta janye. Abawa daban, siririn zare daban, ranar kasuwa masaƙa su saya, ko a tara a saƙa wa 'ya mace gwado na kayan ɗaki. Lokacin da na yi wayo masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 tana aiki, zaren kanti ya fara yawa, mata suna ta ajiye mazari, amma Iya ba ta ajiye nata ba sai da hannu ya ƙi. Shi ya sa da na ji kin koyi kwarashi, har kina saƙa wa jarirai hula da safa, wallahi sai da na yi ƙwalla. Kyanwa kusa da mai zare ba baƙon abu ba ne a gidanmu.

Ga inda Hajiya take da gaskiya. Kyanwar Iya tana da iyaka, kuma ta san iyakarta. Ba ta hawa gado, ba a goya ta, ba a sumbatarta. Ba ta kusantar murhu in ana girki. Nono da man shanu a ragaya suke, rataye can sama inda ba ta kaiwa. Kifin banda da sauran nama cikin tukunya, a rufe a ɗora dutse. Ba a barin akushi ko ƙwarya babu faifai ko da za ki ɗauko gishiri ne ki dawo. Tana da kaskonta a bayan ɗaki, in an kwashe tuwo a gutsura mata, a sa mata kan kifi in an samu, ga ruwanta a gefe. Abin da Hajiya ta gani a gidanki, dabba ce da ba a yi wa iyaka ba, kuma ko ni da na zo na tarar da ita tana shinshina tukunyar miya, da na yi magana.

Ta fuskar addini kuwa, kada ki bari kowa ya rikita ki. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada, da aka zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Abu Huraira ma saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka ya sami wannan alkunya. Sai dai ki riƙe ɗaya hadisin, na Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wannan ya fi shafarki. Ta Iya tana da rumbu da gona da dare duk nata. Taki tana cikin gidan siminti mai ƙofar ƙarfe, in kuka kulle kuka tafi biki kwana biyu, wa ya bar mata ruwa? Hakkinta yana wuyanki, ba na yaran ba.

Zancen cewa mayu suna rikiɗa su zama kyanwa, ko baƙar mage aljana ce, mun tashi mun ji shi, kamar yadda muka ji ba a sayar da allura da dare. Camfi ne. Na ga yara sun jefe baƙar kyanwa har ta mutu a kan wannan magana, kuma alhakin yana kan manyan da suka faɗa musu.

Akwai abin da ya same ni da ba na so ya same ki. Shekarar da na haifi yayanki, ɓeraye suka dame mu, na karɓi shawarar wata na barbaɗa shinkafar ɓera a bayan buhuna, ban yi tunanin kyanwata ba. Ta kama wanda ya ci gubar. Da asuba na same ta a bakin randa, tana miƙa wuya ga ruwa ba ta iya sha. Na ɗura mata madara, na ɗura mata manja, ba abin da ya yi amfani. 'Ya'yanta huɗu ko ido ba su buɗe ba, da tsumma na riƙa ɗiga musu nono, ɗaya ce ta rayu. Tun ranar guba ba ta sake shiga gidana ba. Gidan da ke da kyanwa da ƙananan yara, tarko ya ishe shi. Kuma ba na raina ɓera. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci yake yaɗuwa. Faifan nan na Iya magani ne.

Zarenki ki samo masa kwalla mai murfi. Harshen kyanwa yana da 'yan ƙayoyi masu kallon ciki, in ta kama bakin zare ba ta iya tofarwa, sai ta yi ta haɗiya, ya je ya naɗe mata hanji. Kada ki riƙa zuba mata miya, albasa da tafarnuwa suna cutar da ita, madarar shanu ma takan sa ta zawo. Ki kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗauka. Ki ajiye mata yashi a kusurwar waje, kuma duk sa'ad da kike da juna biyu kada ki taɓa kashinta, wani ya kwashe.

Hajiya kuwa, kada ki ja da ita, kada ki ce mata Goggo ta ce kaza, balle ki karanta mata hadisi kamar mai gyara mata karatu. Uwa ce. Ki fitar da kyanwar daga ɗaki da kicin, ki yi mata wuri a baranda. In Hajiya ta sake zuwa, ki rufe ta a can da abincinta, ki wanke hannu a gaban idonta, ki tuƙa mata tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ki kawo a rufe. Sannan ki saƙa mata abin rufe ƙafa na sanyi kafin hunturu ya shigo, ki tambaye ta launin da take so. Ta ga kaɗi a gidansu, na tabbata, ki ja ta da hirar.

Mazarin Iya yana nan cikin adakata, da taskirarta. In Kawunki zai shigo Kaduna ƙarshen wata zan ba shi ya kawo miki, tare da daddawa da kuka. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Goggonki.