Alfaka a Ƙasarmu: Amsoshin Tambayoyinku Kan 'Yar'uwar Raƙumi Mai Gashi

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan watan dabba ɗaya suke tambaya a kai, wato alfaka, dabbar nan mai dogon wuya da tulin gashi wadda hotunanta suke yawo a wayoyin mutane. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani mai kiwon raguna a Garwa: Assalamu alaikum. Na shekara goma sha biyu ina turke raguna don kasuwar Babbar Sallah. An ce mini alfaka dangin raƙumi ce, kuma gashinta yana da tsada a ƙasashen Turawa. Tun da raƙumi ba ya jin zafi, ina ganin ita ma za ta zauna a nan. Ina da fili a bayan gari, ina so in sayo kamar guda biyar. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya ce maka dangin raƙumi ce bai yi ƙarya ba. Ita da lama da bikunya ('yan'uwanta biyu na Kudancin Amurka) da raƙuminmu duk gida ɗaya suka fito, kuma idan ka dubi tsagaggen leɓenta na sama, da tafin ƙafarta mai laushi mai yatsu biyu a maimakon kofato, da yadda take gurfanawa idan za ta kwanta, za ka ga kamannin. Sai dai ba ta da tozo, tsayinta a kafaɗa bai cika wuce mita ɗaya ba, nauyinta kuwa tsakanin kilo 50 ne zuwa 90, wato ba ta fi wani babban ragon balami da ka taɓa turkewa ba.

Inda lissafinka ya karkace shi ne wajen zafi. Raƙumi ɗan hamada ne, alfaka kuwa 'yar tsauni ce. Asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, a ƙasashen Peru da Bolibiya da arewacin Chile, inda mutanen wurin suka mayar da ita dabbar gida daga bikunya ta daji shekaru kusan dubu shida da suka wuce. Mafi yawan alfakar duniya har yau a Peru suke, musamman a yankin Puno da ke bakin tafkin Titikaka, kuma ana kiwonsu a tudun da ya kai mita 3,500 zuwa 5,000 sama da teku. A can da rana da wuya zafi ya wuce digiri 20, da dare kuwa ruwa yakan daskare a cikin kwano. Gashin da kake sha'awa bargo ne da Allah Ya lulluɓe ta da shi saboda wannan sanyin. To ka kwatanta da Garwa, wadda take kwance a kwarin Binuwai, inda a watan Maris da Afrilu ma'auni yake haura digiri 40 kwana da kwanaki, dare ma ba ya kawo wani sauƙin kirki. Ko a Amurka, inda aka fara shigar da su da yawa a shekarar 1984, masu kiwo a jihohin kudu suna fama da su da zarar zafi ya kusanci digiri 30 tare da laima a iska, har sai sun sa musu fanka a rumfa.

Idan zafi ya kama alfaka, za ka ga tana numfashi da baki a buɗe, hancinta yana buɗewa yana rufewa, ta daina cin abinci, ta kwanta ta kasa tashi, kuma tana iya mutuwa a wuni guda. Wadda ta tsira ma ba ta tsira duka ba, domin namiji yakan rasa ƙarfin barbara na wani lokaci, mace kuma takan yi ɓari ko ta haifi ɗa rarrauna. Ka ƙara da kuɗin jirgi daga wata nahiya ko daga Afirka ta Kudu, da takardun izinin shigo da dabba daga ma'aikatar kiwo, da killacewa, sannan ka tuna cewa idan ta kwanta rashin lafiya likitan dabbobin da za ka kira bai taɓa ɗora hannu a kan irinta ba. Shawarata ita ce ka bar kuɗinka a cikin raguna. Rago ka san ranar kasuwarsa, ka san mai sayensa, wata huɗu ko biyar ka juya kuɗinka. Alfaka kuwa cikinta wata goma sha ɗaya da rabi ne, ɗa ɗaya take haifa, tagwaye abu ne mai wuyar gani, saboda haka biyar ɗin da kake son saye sai ka yi shekaru kafin su zama garke, in har bazara ta bar su.

Tambaya daga wata malama a Ngaundere: Muna da ƙungiyar mata masu saƙa hula da rigunan sanyi na yara, kuma ulun da muke saye na roba ne. Garinmu yana da sanyi. Shin za mu iya kiwon alfaka mu riƙa samun ulu na kanmu?

Amsa: Malama, taki tambayar ta fi ta Alhaji kusa da abin da zai yiwu, domin Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, kuma darenta yana da sanyi, wanda shi ne abin da yake ba dabbar damar sauke zafin da ta tara da rana. Amma tudun naku bai kai sulusin nasu ba, kuma sauƙin da kuka samu wajen zafi za ku biya shi wajen damina. Ƙasar alfaka busasshiya ce mai sanyi, ku kuwa ruwa yana zuba muku kusan wata bakwai, ciyawa tana jiƙe, tsutsar ciki tana yaɗuwa. Akwai wata tsutsa mai shan jini a tumbi wadda take addabar tumaki da awaki, kuma alfaka ba ta da juriya a kanta. Alamarta ita ce dasashi da cikin fatar ido su yi fari, dabba ta rame a ƙarƙashin gashi ba wanda ya lura, domin gashin yana ɓoye ƙashi. Shi ya sa masu kiwonta suke dafa bayanta da hannu a kai a kai don su ji ko tsoka tana nan. Ga kaska, ga ƙudan tsando mai kawo sammore a wasu sassan tudun, abubuwan da shanun gudali ma suke sha da ƙyar.

Game da ulun, iri biyu ne. Akwai wakaya, mai gashi a cure kamar na tunkiyar Turawa, ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na alfakar duniya, kuma nata ne ya fi dacewa da saƙar hula. Akwai suri, mai gashi mai sheƙi da yake zubowa kamar igiyoyi. Sau ɗaya ake yi musu aski a shekara, kowace takan ba da kilo 2 zuwa 4, kuma ba dukansa ne mai kyau ba: na baya da haƙarƙari shi ne na ƙwarai, na wuya da ƙafafu kaushi ne da shi. Launinsa na asali ya haura 20, daga fari zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi, don haka ba lallai a rina shi ba, kuma ba shi da maiƙon da ulun tunkiya yake da shi, wankinsa bai da wuya. A nan dole a yi askin kafin bazara, wajen watan Fabrairu, ko gashin ya kai tsawon da ake so ko bai kai ba, domin ran dabbar ake ceto. Bayan aski kuma sai tsefewa da kaɗi, aikin da a Peru manyan masana'antun birnin Arekifa suke yi da injuna, ku kuwa sai ku koma ga mazari irin na kakanninmu. Idan kin auna ulun da dabba uku za su ba ku a shekara da abin da za a kashe kafin su iso, za ki ga sayen zaren alfaka da aka riga aka kaɗa ya fi araha nesa ba kusa ba. In har ƙungiyarku ta dage, kada a biya ko sisi kafin a zauna da malaman makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere ko ma'aikatan cibiyar binciken kiwo ta Wakwa, tun da duk suna kusa da ku.

Tambaya daga wani magidanci a Njamena: Yarana sun ga ɗan alfaka a waya sun nace. Ba kasuwanci nake nufi ba, ɗaya kawai nake so, ƙarami, su riƙa ba shi madara da bulumboti yana wasa da su a tsakar gida.

Amsa: Malam, zafin Njamena bai gaza na Garwa ba, don haka duk abin da na faɗa wa Alhaji ya hau kanka. Amma ko da a Puno kake zaune, tsarin naka yana da aibi biyu. Na farko, alfaka dabbar garke ce, ba ta zama ita kaɗai. Idan aka raba ta da 'yan'uwanta takan yi ta wani gunji a maƙogwaro, ta ƙi ci, ta lalace. Masu kiwo ba sa sayar da ƙasa da biyu, da yawansu ma sai uku, kuma jinsi ɗaya. Na biyu ya fi haɗari. Ɗan alfaka namiji da aka raina a hannu, ana shafa shi ana rungumarsa, yakan girma yana ɗaukar mutane a matsayin 'yan'uwansa, idan ya balaga sai ya yi musu abin da yake yi wa abokan hamayyarsa: ya bangaje su da ƙirji, ya cije su, ga shi yana fitar da fiƙoƙi masu kaifi a wajen shekara uku. Wannan hali idan ya kama shi da wuya ya bari. Ban da wannan ma, alfaka ba ta son a taɓa mata kai ko ƙafa, kuma idan ranta ya ɓaci tofi take yi, wani lokaci har da koren abin da ke cikin tumbinta mai wari, kamar dai yadda ka san halin raƙumi. Abin da zan yaba mata shi ne tsabta, domin garke gaba ɗaya wuri ɗaya suke zaɓa su riƙa yin kashi, kuma takin yana da kyau ga lambu. Ka saya wa yaran 'yar akuya ko zomaye biyu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Marwa: Ana tatsar nononta kamar taguwa? Tana ɗaukar kaya? Me take ci?

Amsa: Ɗana, ba a tatsarta, nonon nata kaɗan ne, na ɗanta ne kawai, wanda ake yaye shi a wajen wata shida. Kaya kuwa aikin lama ne, yayarta mai girma, wadda take ɗaukar kilo 25 zuwa 30. Bayan alfaka bai da wannan ƙarfin, ko yaro bai kamata ya hau ta ba. Mutanen Andis suna cin namanta, suna kuma shanya shi da gishiri su adana, kusan irin yadda muke yi wa kilishi sai dai babu tunkuza da yaji. Abincinta ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinta a rana, tana tuƙa kamar tunkiya ko da yake cikinta ɗaki uku ne, ba huɗu ba. Yawan hatsi ko dusa yana lalata mata ciki, don haka irin ɗurar da ake yi wa ragon layya ba ta karɓe ta ba. Faratanta suna buƙatar yanka lokaci-lokaci idan ƙasar da take takawa mai laushi ce. A Ostireliya ana sa ta cikin tumaki ta kori yanyawa daga 'yan raguna, amma kura ko taron karnukan unguwa sun fi ƙarfinta, dole ta kwana a cikin shinge mai ƙarfi.