Ina ruwan mai bayar da kwangila da hayaƙin kabon?

Tambaya: Ina aiki a sashen bayar da kwangila. An ce mu rage hayaƙin kabon a gine-ginenmu. Mu da aikinmu takarda ne da sa hannu, ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, ai daga takardar taku ake farawa. Kafin a kunna ƙwan fitila ko ɗaya a gini, kayan da aka gina shi da su sun riga sun fitar da nasu hayaƙin a masana'anta. Siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ana gasa dutsen farar ƙasa ne a zafin digiri 1,450 ya zama klinka, wato dunƙulen da ake niƙawa a samu siminti, kuma fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen yake fita. Ko an sauya makamashi, wannan kason yana nan, sai dai a rage klinkar.

To, yawancin takardun kwangila cewa suke yi a zuba siminti kaza. Ku daina. Ku rubuta ƙarfin da kuke so kankaren ya kai bayan kwana 28, a gwada a ɗakin gwaji, injiniya ya nemo haɗin da zai kai can. Ku amince da simintin CEM II, wanda aka rage masa klinka. Filasta da jera bulo kuwa, siminti mai lambar ƙarfi 32.5 ya ishe su.

A Holan, hukumar hanyoyi da ruwa, Rijkswaterstaat, dabara take yi: wanda kayansa suka fi ƙarancin hayaƙi, sai a rage masa farashi a takarda wajen auna 'yan takara, amma idan ya ci a biya shi kuɗinsa cif. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2017 ta sa iyakar hayaƙi ga ƙarfe da gilashin da gwamnatin jihar ke saye.

A Najeriya, dokar kwangila ta 2007 ta karkata ga mafi arha cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Don haka ku sa maganar kabon cikin sharuɗɗa tun ranar talla. Bayan an buɗe ambulan ɗin 'yan takara, bakin alƙalami ya bushe.

Rodi kuma, wanda aka narka daga ƙarafan jari-bola ya fi sabon ƙarfe ƙarancin hayaƙi nesa ba kusa ba. Amma na sha ganin wanda bai kai kaurin da aka rubuta ba, saboda haka kada tirela ta sauke sai an yanki samfuri an gwada.