Tambaya da Amsa: A wace runduna kakana ya yi yaƙin Bama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Marigayi kakana ya yi yaƙin Bama (Burma), lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya bar mana takardar sallama, da lambar girma mai siffar tauraro, da wani ƙyalle mai hoton gizo-gizo. Yaya zan gane rundunarsa da inda ya yi yaƙi? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙyallen nan ya rage maka rabin aiki. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya shi ne tambarin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943. Ita kuwa ta 82, tambarinta mashi biyu ne a gicciye bisa gammo, don girmama 'yan dakon da suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga.

Sai ka duba lambar bataliyarsa ta sojojin Najeriya a takardar. In ta 4 ce, yana Birged ta 6 ta Runduna ta 81 tare da sojojin Gambiya da Saliyo, kuma a kwarin kogin Kaladan suka gwabza da Japanawa. In ta 6, ko ta 7, ko ta 12 ce, labari ya canja: wannan Birged ta 3 ce, wadda aka cire daga Runduna ta 81 aka haɗa da dakarun musamman na Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su ta jirgin sama a bayan abokan gaba a 1944. Daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo suna. Bataliya ta 1 zuwa ta 3, da ta 5, 9 da 10, duk na Runduna ta 82 ne. Rundunonin biyu sun haɗu a garin Myohaung cikin Janairu 1945.

Kada ka ɓata lokaci kan tauraron. Turawan Ingila ba su buga sunan soja a bayansa ba, shaida ce kawai cewa ya je fagen.

Inda mutane suka fi ɓacewa shi ne suna. Akawun ɗaukar soja yakan rubuta sunan gari a maimakon na uba, ya kuma karkatar da rubutun yadda kunnensa ya ji. Saboda haka da lambar soja ake bincike. Kwafe ta daidai, har da haruffan da ke gabanta. Littattafan da kowace bataliya ta riƙa cikawa kullum suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, a rukunin WO 172. Da wuya su ambaci kurtu da sunansa, amma za su nuna maka inda bataliyarsa ta kwana rana bayan rana.

Runduna ta 81 da ke Legas yau da ta 82 ta Inugu sun gaji lambobin ne kawai. An rushe na lokacin yaƙi bayan an gama shi, don haka kada ka yi asarar kuɗin mota zuwa can kana neman fayil ɗin kakanka.